Sonkus: Ciyawar Da Wasu Ke Nomewa, Wasu Kuwa Ke Ci

Daga wakilinmu na Arewa

Akwai wata ciyawa mai ƙaya da furen rawaya wadda ta gama duniya, tun daga Ingila har Ostareliya, daga tsaunukan Habasha har gonakin alkama na Kanada. A wata ƙasa manoma suna kashe kuɗi masu yawa kowace shekara don su ga bayanta. A wata ƙasa kuwa mata ne ke tsinko ta a dafa a ci, har a kai kasuwa. Masana tsirrai suna kiran ta Sonchus asper, amma a nan za mu riƙa ce mata sonkus don sauƙin faɗa.

Dalilin da ya sa muka ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayaninta shi ne, tana da 'yar'uwa a ƙasar nan wadda ake miya da ita, akwai kuma wata mai kama da ita wadda guba ce. Wanda ya san ciyawar nan da lokacinta zai amfana da ita, ya kuma tsare lambunsa. Wanda bai sani ba kuwa yana iya yin hasarar amfanin gona, ko ma abin da ya fi wannan.

KAMANNINTA

Sonkus ciyawa ce ta shekara guda, watau takan tsiro, ta yi fure, ta zubar da iri, ta mutu cikin zango ɗaya. Da farko ganyenta yakan shimfiɗu a ƙasa a kewaye kamar faifai. Daga nan sai kara ya fito daga tsakiya ya miƙe, ya yi rassa, har ya kai tsawon mita ɗaya, wani lokaci ma da rabi in ta sami taki da laima. Karan nan da rami a cikinsa, kuma da an karya shi sai wani ruwa fari kamar nono ya ɓulɓulo.

Ganyenta kore ne shar mai sheƙi, bakinsa a murɗe, da ƙananan ƙayoyi jere. Ƙayar ba ta kai ta kashin yawo ko ƙarangiya mugunta ba, amma in ganyen ya tsufa tana sukar hannu sosai. Gindin kowane ganye yakan rungume karan da wasu kunnuwa biyu masu zagaye. Furen ƙarami ne, faɗinsa wajen santimita 2, kuma da yawa suke fitowa a kan reshe guda. In ya ƙosa sai ya koma farin gashi mai laushi, kowace ƙwayar iri da nata gashin, iska ta kwashe su kamar yadda take kwasar audugar tumfafiya ko ta rimi.

Tana da 'yan'uwa biyu da aka fi sani. Ɗaya ita ce Sonchus oleraceus, wadda ganyenta ya fi laushi, ba ya sheƙi, ƙayarta kuma ba ta taka kara ta karya ba. Su biyun sukan tsiro wuri guda, halinsu kusan ɗaya ne. Ta ukun ita ce Sonchus arvensis, wadda ba ta mutuwa da ƙarewar shekara, don saiwarta tana rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, kuma ko an sare ta gunduwa-gunduwa kowane yanki yana iya tohowa.

ME YA RABA TA DA DANDALIYAN?

A ƙasashen Turai da Amurka yawanci mutane kan ɗauki sonkus a matsayin wata ciyawa da suke kira dandaliyan. Sunan nan daga Faransanci ya fito, ma'anarsa haƙorin zaki, saboda yadda bakin ganyen yake da tsaga-tsaga. Dukansu furensu rawaya ne, dukansu suna da farin ruwa, dukansu irinsu yana tashi a iska. Amma Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane.

Dandaliyan ba ta da ƙaya, kuma ganyenta duk a ƙasa yake tsayawa. Kowane furenta shi kaɗai yake a kan sandarsa, sandar kuma ba ganye ba reshe. Tana da saiwa mai nutsewa kamar karas wadda ke rayar da ita shekara da shekaru. Sonkus kuwa doguwa ce, da ganye har saman kara, da furanni barkatai. Saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce a dubi karan: in da ganye a jikinsa da rassa, to ba dandaliyan ba ce.

Dukansu biyu 'yan babban gida guda ne da latas ɗin da muke shukawa a fadama, har ma da shuwaka, ko da yake shuwaka dangantakarta ta fi nisa. Duk mai lambun da ya taɓa barin latas ya wuce lokaci ya san yadda yake miƙewa ya yi kara, ya yi ƙananan furanni rawaya, ya fitar da farin ruwa, ya yi ɗaci. To wannan shi ne halin gidan.

ASALINTA DA SUNANTA

Asalin sonkus ƙasashen Turai ne da Arewacin Afirka da Yammacin Asiya. Tafiye-tafiyen mutane ne suka baza ta, don ƙwayarta ƙarama ce ƙwarai, tana shiga cikin irin shuka da harawa da kayan fatake ba a sani ba. A Afirka kudu da Sahara mai ƙayar ta fi son wurare masu tudu da sanyi, mai laushin kuwa ta fi ta yaɗuwa. Inda ta fi jin daɗi shi ne ƙasar da aka tone: lambu, gefen hanya, juji, bakin magudanar ruwa da kangon gida.

Mutanen da can sun san ta. Wani marubucin Rumawa mai suna Filini, wanda ya mutu a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ambace ta cikin littafinsa na halittu a matsayin abin ci da magani. A 1753 masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, Karl Liniyas, ya raɗa wa mai laushin suna oleraceus, kalmar Latin mai nufin ganyen da ake dafawa. A 1769 kuma wani Baturen Ingila, Jon Hil, ya ware mai ƙayar a matsayin iri mai zaman kansa da sunan asper, watau mai kaushi.

Turawan Ingila suna kiran ta da wani suna mai ma'anar ƙayar macen alade. Dalili kuwa, a da sukan ba aladu masu shayarwa ita, da zaton farin ruwan nan zai ƙara musu nono. Ganin kamar ruwan da nono ne ya kawo wannan zato. Abin da ba shakka a kansa shi ne dabbobi suna son ta, musamman zomaye da awaki da tumaki, in tana ɗanya.

ƁARNAR DA TAKE YI

Ƙarfin sonkus a irinta yake. Tushe guda da ya sami wuri mai kyau yana iya zubar da ƙwaya fiye da 20,000, kuma daga tsirowa zuwa fure ba ta wuce wata biyu ko uku. Bayan fure ya buɗe, cikin 'yan kwanaki iri ya ƙosa. Daɗin daɗawa, ko an tuge ta tana cikin fure aka yar a gefen kunya, ruwan da ke cikin karan yana isa ya ƙosar da irin. Mai lambu ya ga ya yi aiki, ashe shuka ya yi.

Tana cinye taki da ruwan da aka tanada don amfanin gona, tana kuma yi wa ƙananan shuke-shuke inuwa. Amma ɓarnar da ta fi wannan ita ce wadda ido ba ya gani. Sonkus masauki ce ga ƙwarin nan da ake kira darɓa, masu tsotsar ruwan ganye, da kuma ƙwayoyin cutar shuka da ƙwari ke ɗauka daga wannan tsiro zuwa wancan. A 1963 masana a Ostareliya suka bayyana wata cuta da ke sa latas ya yi rawaya ya ƙone, suka gano cewa cutar tana zaune ne a jikin sonkus ba tare da ta nuna wata alama ba, wani irin darɓa kuma shi ke kai ta kan latas. Har ila yau tana cikin ciyayin da ke ɓoye wata cuta mai sa tumatir da barkono su yi tabo su yanƙwane.

Manoman gyaɗa na Arewa ba sa bukatar dogon bayani a kan abin da darɓa ke iya yi. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda wani irin darɓa dabam ke yaɗawa, ta lalatar da gyaɗa a Jihohin Arewa har noman ya daɗe bai farfaɗo ba. Cutar dabam ce, ba kuma sonkus ce ta kawo ta ba, amma darasin ɗaya ne: ɗan ƙwaron da ba a kula da shi ba yana iya kwasar cuta daga tsiron da aka raina ya kai ta gona.

ABIN DA YA SAMI MANOMAN OSTARELIYA

Labarin da ya fi kamata manomanmu su ji shi ne na Ostareliya. A da sonkus mai laushi ba wata babbar damuwa ba ce a gonakin alkama da dawa da auduga na jihohin Kwinsland da Niyu Sawut Wels. Dalili shi ne irinta sai yana sama-sama yake tsirowa. In garma ta binne shi ya wuce zurfin santimita 2, da wuya ya iya fitowa.

Sai manoman can suka koma wani salon noma wanda ba a kaftu ba a huɗa, don su tsare laimar ƙasa su kuma hana zaizaya. Salon yana da amfani ƙwarai, amma ya bar irin sonkus a sarari inda yake so. Maimakon garma sai aka dogara ga maganin feshi, musamman wanda ake kira gilaifoset, wanda kamfanin Monsanto ya fara sayarwa a 1974 da sunan Roundup. Shekara da shekaru ana fesa magani iri ɗaya a gona ɗaya.

Ga yadda abin yake faruwa. Cikin dubban tsirrai akan sami ɗaya ko biyu waɗanda halittarsu ta sa maganin bai kashe su ba. Sauran duk sun mutu, su kuwa sun sami fili su kaɗai, suka zubar da iri dubbai, 'ya'yansu kuma suka gaji halin. Baɗi a sake fesawa, a sake tace su. A kwana a tashi sai gona ta cika da waɗanda ba sa jin magani. A 2014 aka tabbatar da samun sonkus da gilaifoset ba ya kashewa a arewacin Niyu Sawut Wels. Tun kafin nan, a shekarun 1990, an sami wadda ta gagari wani rukunin magani dabam a Ostareliya, ita ma mai ƙayar an sami irin wannan a lardin Albata na Kanada.

Maganin nan na gilaifoset shi ne yanzu ake sayarwa a kasuwanninmu da sunaye iri-iri, manoma da yawa kuma sun ajiye fartanya sun rungumi injin feshi saboda tsadar ƙwadago. Ciyayinmu ba su fi ƙarfin abin da ya faru a can ba. Wanda ya dogara ga magani ɗaya kowace shekara, ko yake rage awon da aka rubuta a jikin kwalba don ya yi tsimi, yana yi wa ciyawa horo ne da kuɗinsa.

MASU CIN TA

Ɗaya gefen labarin kuwa shi ne na tukunya. A ƙasar Girka sonkus tana cikin ganyayen daji da ake tsinkowa lokacin sanyi, a tafasa, a zuba man zaitun da ruwan lemon tsami, kusan yadda muke kwaɗon zogale ko rama. A kudancin Italiya ma haka ake yi. A Gabashin Afirka da Kudancinta mutanen karkara suna haɗa ta da sauran ganyaye a ci da tuwon masara.

Waɗanda suka fi kowa ɗaukaka ta su ne Mawori, mutanen asali na ƙasar Niyu Zilan, waɗanda ke kiran ta puha. Sukan murje ta cikin ruwa don ɗacin ya fita, sa'an nan su dafa ta da nama da ƙashi da dankali. Har yau abinci ne da suke alfahari da shi. Matuƙan jirgin ruwa na Kyaftin Kuk, da suka sauka ƙasar a shekarun 1770, sun ci ganyayen dajin wurin, har da sonkus, don su tsare kansu daga cutar da rashin bitamin C ke kawowa, wadda ke sa dasashi zubar da jini, wadda kuma ta kashe matuƙa masu yawa a wancan zamani.

Ganyen yana da bitamin C da sinadaran da jiki ke bukata irin su ƙarfen jini da mai gina ƙashi, kamar sauran ganyaye masu duhun kore. Sharaɗin dai shi ne a tsinke shi yana ƙarami, kafin kara ya miƙe. A lokacin ƙayar tana da taushi, tafasa kuma tana kashe ta, ɗacin ma kaɗan ne. In ta yi fure sai ta yi gauɗi da ɗaci, ba ta ciwuwa.

Mai karatu zai lura cewa lokacin da ta fi daɗin ci shi ne kuma lokacin da ya kamata a cire ta daga lambu. Wanda ya tuge ta tana ƙarama ya sami ganye ko abincin dabba, ya kuma hana ta zubar da iri.

'YAR'UWARTA TA GIDA

Hausawa mazauna Ikko da Ibadan da Abekuta sun saba ganin wani ganye a kasuwa wanda Yarbawa ke kira yanrin. Masana suna ce masa Launaea taraxacifolia, kalma ta biyun kuwa ma'anarta mai ganyen dandaliyan. A Gana ma mutane da yawa dandaliyan suke ce masa kai tsaye. Dangi ne na kusa ga sonkus da latas, yana da farin ruwa da furen rawaya da iri mai tashi, amma ba shi da ƙaya, kuma saiwarsa tana rarrafe ta sake tohowa kowace shekara.

Ganyen nan yana fitowa a Arewa ma. Likitan nan Dalziyel, wanda ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, da babban littafinsa na tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937, yana cikin waɗanda suka tattara sunayen irin waɗannan tsirrai, kuma sunan da aka san wannan da shi a Hausa shi ne namijin ɗayi ko nonon ɓarya. A Kudu kuɗi ake sa wa a saya, a ƙasar Yarbawa da Jamhuriyar Benin har akan bar shi a gona da gangan in ana noma. A wurare da yawa na Arewa kuwa awaki ake bar wa.

HATTARA DA HAƘORIN KADA

Yanzu ga gargaɗin. Ciyawa mai ƙaya da furen rawaya wadda ta fi yawa a garuruwanmu ba sonkus ba ce. Ita ce wadda ake kira ƙwarƙo ko haƙorin kada, masana kuma suna ce mata Argemone mexicana. Asalinta ƙasar Meziko ce da maƙwabtanta. Da rani takan cika bakin rafi da fadamun da suka janye da kangwaye, kuma ba ta da wata dangantaka da gidan latas.

Ga alamunta. Ganyenta kore ne mai toka-toka da fararen jijiyoyi, ƙayarta kuma tana da tsini sosai. Furenta babba ne mai faffaɗan kunnuwa huɗu zuwa shida, buɗe kamar ƙoƙo. Ba ta yin farin gashi, sai dai ƙwanso mai ƙaya cike da ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe. Babbar alama kuwa ita ce ruwanta: in an karya ta, rawaya ne yake fitowa.

Ƙwayoyin nan suna da guba. A 1998 a birnin Delhi na Indiya an gauraya man ƙwayar haƙorin kada da man girki na mastad, mutane fiye da 3,000 suka kwanta, fiye da 60 suka mutu. Gubar tana kumbura ƙafafu, tana raunana zuciya, tana kuma iya taɓa ido. Haka nan in ƙwayar ta shiga cikin alkama ko wani hatsi aka niƙa, tana cutar da mutane da kaji. Masu noman alkama da rani sai su lura da ita tun kafin girbi.

Kada kuma wani ya ɗauka duk abin da ke da farin ruwa abin ci ne. Tumfafiya da tinya farin ruwa gare su, kowa kuwa ya san abin da suke yi wa ido da ciki. Launin ruwa yana taimakawa wajen gane haƙorin kada, amma shi kaɗai bai isa shaidar abin ci ba. Ganyen da mutum bai tabbatar da shi ba, ya nuna wa malamin gona ko wanda ya saba cin sa tukuna.

ABIN YI

Ga masu lambu, maganar ba ta da wuya. A cire sonkus da danginta tun suna shimfiɗe a ƙasa, kafin kara ya fito, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wadda ta riga ta yi fure kada a yar da ita a gefen kunya, a kwashe ta a binne da zurfi ko a ƙone. A share bakin magudanar ruwa da gindin shinge, don daga nan iska ke ɗebo iri, daga nan kuma darɓa ke tasowa. In wadda ke rarrafe da saiwa ce, sai an tono saiwar duka.

Mai amfani da maganin feshi ya bi awon da aka rubuta, ya riƙa sauya irin maganin, ya kuma haɗa da fartanya da huɗa da sauya shuka. In ya ga wasu tsirrai sun tsira bayan feshi alhali 'yan'uwansu sun mutu, ya bi su da hannu ya tuge kafin su yi iri, ya kuma sanar da malamin gona na yankinsa.

Masu son ci kuwa, kada su tsinki ganye a gonar da aka yi wa feshi, ko bakin babbar hanya, ko inda ruwan kwata ke bi. A wanke shi sosai, a tafasa. Iyaye kuma su nuna wa yara haƙorin kada tun suna ƙanana, su karya musu karan su ga ruwan rawaya da idonsu, don yara ne aka fi aika tsinko ganye da yankan ciyawar dabbobi.